Garzali da Fuskar Gidaɗo

Garzali mai fenti maƙwabcina ne a bakin kasuwar Wudil. Ni ina wankin hula, shi yana rubuta allunan shaguna. In aiki ya lafa sai ya jawo takarda da baƙin biro ya hau zana labari: satar shanu, gawa a ƙarƙashin gada, maigadin da ya ga komai ya yi gum. Zanensa duk inuwa ne, kuma ba kasafai mai gaskiya ke kai labari ba. Yakan kai a yi masa fotokwafi, ya ɗinke da zare, ran Juma'a da kasuwa ke ci su ƙare. Ni da boko bai zauna mini ba, hotunan nake bi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ba ya iya ƙago fuska da ka, sai ya kalli mutum. Wata Juma'a Gidaɗo, dillalin shanu a kara, ya zauna a bencina yana jiran hularsa. Garzali ya yi ta satar kallonsa. Bayan mako biyu sai ga ɓarawon shanu a littafi, da wushiryar Gidaɗo da tabon goshinsa.

Da farko tsokana ce: "Gidaɗo, ina ka kai bijiman?" Daga baya mutanen Lajawa da Achika suka daina miƙa masa igiyar shanunsu. Wanda bai iya karatu ba ya ga hoto, ya ce ai har a takarda an buga shi.

Gidaɗo ya zo, bai ɗaga murya ba. "Malam Garzali, me na tsare maka? Juma'a uku ko ɗan maraƙi ban sayar ba."

"Wallahi Baffa, fuskar ce ta yi mini kyau."

"To, ka ga kyan da ta yi mini."

Garzali ya bi ƙauyuka yana karɓo littattafan, ko rabi bai samu ba. Sai ya aro madubi wurin wanzami, ya kafa a gabansa kwana huɗu. Littafi na biyu ya nuna sharri aka yi wa mai wushirya. Ainihin ɓarawon ga shi nan, da kunnuwan Garzali da ƙaton hancinsa. Ya raba shi kyauta a kara, hannu da hannu.

Gidaɗo ya koma riƙe igiya. Garzali kuwa yanzu ko masallaci ya shiga sai wani ya ce, "Jama'a, a kula da takalma!" Yakan yi dariya. Matarsa Safara'u ce har yau ba ta ga abin dariya ba.