Na Rufe Fuskokinsu, Na Manta Da Ƙofar

Edita, ina roƙon a ba ni ɗan fili, kuma a sakaya sunana. Abin da zan faɗa ya daɗe yana cina, ko mijina bai san rabinsa ba.

A lokacin ina da shekara ashirin da uku, na gama jami'a a Zariya ina jiran bautar ƙasa. Ni ce sakatariyar mata a ƙungiyar matasa ta masallacin unguwarmu, kuma in za a faɗi gaskiya ni ce mai rawar kan ƙungiyar. Waya ba ta barin hannuna. Ko tabarma aka saya wa masallaci sai na ɗauke ta hoto ta fuska uku, na tura wa iyayen ƙungiya su gani. Haka muka saba a gida, duk aikin alherin da ba a nuna shaidarsa ba, gani ake kamar ba a yi ba. Ina da wata ƙawa Kirista da muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta. A shekarar ta bi matasan cocinsu zuwa wata ƙasa maƙwabciya, suka yi sati biyu suna koyar da yara karatu, suna yi musu aski da yankan farce. Ta dawo ta yi baƙi ta rame, amma bakinta ba ya rufuwa don murna. Na ce ta nuna mini hotuna, ta ce ba su ɗauka da yawa ba saboda iyayen yaran ba su so. Na yi mata dariya, na ce ai kuwa sun yi asarar tafiya.

Da wani mai hali a unguwarmu ya ɗauki nauyin mu shida zuwa Umara, ni na kawo shawarar kada mu tsaya a ibada kaɗai. Na ji labarin 'ya'yan 'yan'uwanmu Hausawa da suka zauna a Makka bayan aikin Hajji ba takarda, yaran da aka haifa a can amma ba su da damar shiga makaranta. Aka yi na'am, muka cika jaka biyu da littattafan rubutu, fensir da silifa. Wanda ya yi mana jagora wani dattijo ne haifaffen can, jikan Hausawa, mai shago a unguwar Rusaifa. Hausarsa a karye take, rabi Larabci, kowa Ammu yake ce masa, wato baffa. Yana da wani tsohon gida da ya gada a kan dutsen Nakkasa, ya bar wa wata tsohuwa ɗaki biyu a ciki don Allah, ko da yake doka ba ta yarda a ajiye marar takarda ba. A can tsohuwar take tara yaran lungun bayan la'asar tana biya musu karatu.

Ba zan manta hawan farko ba. Mota ta tsaya a ƙasa, muka bi matakala da lunguna har numfashina ya kusa ɗaukewa, muka tsaya a gaban wata koriyar ƙofar ƙarfe mai zanen tauraro a sama. Tsohuwar, wadda muka riƙa kira Goggo, 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Katsina, ta zo Hajji tun da ƙuruciyarta ba ta koma ba. 'Yarta ta rasu ta bar mata jika, yarinya 'yar shekara tara, siririya mai manyan idanu. Tun kafin mu zauna Goggo ta dubi wayar da ke hannuna, ta ce, "Ya binti, komai kuka kawo mun gode, amma jawwal ɗin nan ki mayar da shi jaka. Mu nan ba a ganinmu, shi ya sa muke nan." Na ce to Goggo, na yi mata alkawari. Ta ce ita ba ta roƙon Allah komai yanzu sai ya ɗauki ranta a garin nan, a yi mata sallah a Harami, yarinyar kuma ta girma inda kabarin uwarta yake.

Kwana tara muka yi muna hawa dutsen nan. Ni aka ba 'yan mata, suna kirana Abla kamar yadda ake kiran malama a can. Jikar Goggo ta maƙale mini tun ranar farko. Larabci take zubawa kamar ruwa, Hausarta kuwa irin ta kakarta ce, ta tsofaffi, har tana ce mini "ɗiyata" in ta ga na yi abin dariya. Ba ta taɓa ganin Nijeriya ba, ta ɗauka wata unguwa ce can bayan Jidda. A rana ta biyar ta rubuta sunanta da boko da hannunta, ta zagaye ɗakin tana nuna wa kowa. Wallahi na so yarinyar nan, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, don ba da mugunta na cuce ta ba.

Ranar ƙarshe shaiɗan ya ci galaba a kaina. Na riƙa tunanin me za mu nuna wa wanda ya ɗauki nauyinmu, da matan unguwa da suka ba da silifa. Na ce a raina ai abin da Goggo take tsoro shi ne a gane fuska. Da ta shiga ɗaki yin alwala na zaro waya, na ɗauki yaran suna karatu, na fita waje na ɗauko mu muna shiga ƙofar da jakunkuna, har da lungun da matakalar, don a ga irin wahalar da muka sha. Yarinyar ta gan ni. Na ɗora yatsa a baki, ita ma ta ɗora nata tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Da muka dawo gida na zauna na rufe kowace fuska da hoton fure, ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina mai hikima da riƙon amana. Na rubuta sunan unguwar a ƙasa, na sa waƙar yabo, na saki.

Bidiyon ya yi tafiyar da ban zata ba. Aka riƙa turawa daga waya zuwa waya, ana sa mana albarka, har wani gidan rediyo ya kira ni hira. Kaina ya kumbura. Ƙawata Kiristar nan kaɗai ta kira ta tambaye ni ko masu gidan sun sani, na ce mata ta duba da kyau, ai babu fuskar kowa. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa Makka ba amma ko a mafarki ta ga ƙofar nan za ta gane ta. Na yi kunnen uwar shegu, har na ɗan ji haushinta, na ɗauka baƙin ciki take yi.

Bayan kamar wata ɗaya saƙon murya ya shigo mini daga Ammu. Ya ce bidiyon ya zagayo har wayar wani maƙwabcin shagonsa, mutumin ya nuna masa ya ce wannan ba gidan babanka ba ne? Ya ce duk wanda ya tashi a Nakkasa ya san ƙofar nan, shi kuma yana da iyali da shago, in magana ta kai inda ba a so shi za a kama. Ya ce ya yi kwanaki yana juyayi, daga baya ya roƙi Goggo ta koma wurin wasu dangi a unguwar Ka'akiyya kafin ƙura ta lafa. Matar da ta yi shekaru ba ta sauko daga dutsen nan da kaya ba, ranar ta sauko da katifa da tukwane da jika. A hanya aka tare motar ana duba takardu. Daga nan sai tarhil, wurin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ya rufe da cewa, "Halas, ya binti, an riga an kai su. Allah ya yafe mana ni da ke." Na zauna a bakin gado na goge bidiyon a take, amma wane amfani, yana wayar dubban mutane.

Ammu ya ba ni sunan ƙauyen Goggo, inda aka mayar da su. Tafiyar rabin yini ce daga gidanmu, amma kunya ta hana ni zuwa. Kullum sai na ce sati mai zuwa, in na shirya abin da zan faɗa. Sai da shekara ta zagayo sannan na yi ƙarfin hali na shiga mota. Na tarar an yi sadakar arba'in ɗin Goggo. Matan gidan suka ce tunda aka sauke ta ba ta ƙara lafiya ba, duk sa'o'inta sun mutu, ba ta gane kowa, ba wanda ya gane ta. Suka nuna mini maƙabartar daga nesa, bayan gonakin gero.

Yarinyar tana hannun wata jikar ƙanen Goggo. Na same ta tana surfe, hannunta duk kanta. Yaran gidan Balarabiya suke ce mata suna kwaikwayon maganarta, shi ya sa ta rage magana. Da ta gan ni ta saki taɓarya ta rungume ni, tana ta Abla, Abla. Ba ta san ni ce sanadi ba, har yau ba ta sani ba. Ta tambaye ni ko na koma Makka, ko ƙofarsu tana nan. Ban iya gaya mata cewa an rushe lungun nasu gaba ɗaya ba, kamar yadda Ammu ya shaida mini. Da aka kira azahar ta shimfiɗa mana tabarma, ta gyara ta da kyau, ta ce, "Abla, Sitti ta ce in na yi kewar gida in yi sallah, don duk sanda na fuskanci alƙibla gidanmu nake kallo." Sitti kakarta take nufi. Na tayar da kabbara a bayanta, ban san me na karanta ba.

Na roƙi dangin su ba ni ita, suka ce ba sa ba da 'ya ga baƙo, kuma ban ga laifinsu ba. Ina zuwa duba ta, na sa ta a makaranta, amma ba na yaudarar kaina cewa na biya. Abin da na ƙwace wa tsohuwar nan ba a mayarwa. Ta roƙe ni abu ɗaya tak, na sake fassara shi yadda zai yi mini daɗi, na ce fuska take nufi, alhali na ji abin da ta ce sarai.

Don haka 'yan'uwana matasa, na masallaci da na coci, masu tattara kaya ku tafi taimakon yara a wata ƙasa, ku ji tsoron Allah a kan wayoyinku. Ku kwana goma za ku yi ku koma gida, su kuwa can za ku bar su da duk abin da kuka tayar. In mai gida ya ce kada a ɗauka, ba sai kun gane dalilinsa ba, shi ya san abin da yake ɓoyewa. Wanda ya ba ku kaya ya yarda da ku ko ba hoto, in kuwa bai yarda ba ku mayar masa da kayansa.

Bidiyon nan har yanzu yana yawo. Duk shekara sai wani ya turo mini shi bai san ni na ɗauka ba, da addu'a a ƙasa, wai Allah ya saka wa waɗannan bayin nasa da abin da suka yi. Ban taɓa iya cewa amin ba.