Sun Mayar Da Ita Kumasi Ina Kallo

Edita, assalamu alaikum. Na sha ɗaukar waya zan rubuto muku, sai in fasa in ajiye. Don Allah kada a sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya fara ina da shekara ashirin da ɗaya, ban daɗe da zuwa garin Greensboro na Amurka daga zangon Kumasi ba. Iyakar karatuna sakandare. Ina aiki a wani sito inda muke cusa kaya a kwali tun safe har ƙafa ta kumbura, ina kwana a falon wata antina. Ni matsoraciya ce tun ina gida, irin wadda in an taka ta ita ce mai ba da haƙuri. Kuma tun ina makaranta na san zuciyata ba ta karkata ga maza. Na yi azumi a kai, na yi kuka a kan sallaya, abin bai tafi ba, sai na koyi yin shiru.

A gidan wani suna na haɗu da ita. An sa mu rabon waakye, shinkafa da waken Ghana, ta leƙo farantina ta ce in na ci gaba da ɗiga yaji kamar mai sa maganin ido, baƙi za su zage mu har Ghana. 'Yar zangonmu ce, ta girme ni da shekara bakwai, tana aikin kula da tsofaffi a gidajen unguwar Sedgefield. Kafin shekara ta zagayo mun kama ƙaramin gida a unguwar Glenwood. Kowa ya yaba, aka ce 'yan mata biyu sun haɗa haya suna tsare mutuncin juna. A gaban mutane Yaya nake kiranta, har sunan ya bi bakina. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ke tsakaninmu zama ne irin na ma'aurata, kuma shekara ukun da muka yi tare su ne kaɗai lokacin da na taɓa kwanciya ba fargaba.

Ita ce ta kawo maganar mu je kotu a ɗaura mana aure. Ta ce a wurin aikinta ta ga tsohon da ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka zo suka sallami wanda ya yi shekaru yana zaune da shi kamar an sallami ɗan aiki. Ta ce a ƙasar nan takarda ce dangi, kuma doka ta yarda mace ta auri mace, me muke jira. Sannan ta roƙe ni abu guda, ta sa na rantse: ko me zai same ta, kada in bari a mayar da ita gida. Na san dalili, don na ga tabon a bayanta. Tana budurwa aka kama ta da wata yarinya, aka kai ta gidan wani mai magani aka ɗaure ta, ana turare ana bulala, wai aljani ne ya aure ta. Wanta ne ya ɗauko ta zuwa Amurka, bisa cewa ta warke.

Mun je mun yanki lasin aure ba wahala. Wahalar ita ce majistare ba ya ɗaurawa sai da shaidu biyu. Muka zauna a mota muna lissafa mutanen da muka sani, duk wanda muka ambata ko ɗan masallacinmu ne ko matarsa na kitso da wata 'yar zango. A ƙarshe ta roƙi wata abokiyar aikinta Ba'amurkiya da mijinta, suka ce da farin ciki. Ranar muka yi wanka, na sa leshina na Sallah. Muna fitowa daga mota kusa da kotun sai ga wani Alhajin zangonmu mai tuƙa tasi yana sauke fasinja. Ya ɗago hannu yana dariya, ya ce 'yan matan Kumasi me ya kawo ku kotu da kwalliya haka, ko Hajiya Yaya ta sake sharara gudu da mota an ba ta tikitin tara? Na yi maza na ce tikiti ne, Alhaji. Ya wuce abinsa, amma ni na ƙi shiga kotun. Na ga maganar ta riga mu isa Kumasi, na ga fuskar babana. Na ce mata mu bari sai bayan Sallah. Ba ta yi faɗa ba, sai cewa ta yi da ana gasar tsoro a zango da tuni na cika gida da kofuna. Bayan Sallah na kawo wani uzurin, har lasin ya mutu a jakarta.

Wata safiya tana ɗaura ɗankwali za ta aiki ta ce kanta kamar an sara da gatari, kafin in juyo ta faɗi. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Da hannuna na kira wanta, don haka aka saba, babba ake fara sanarwa. Ya zo daga Pleasant Garden, can bayan gari, da matarsa, aka kira mahaifiyarsu, Mama, a Kumasi tana kuka ta waya. Washegari wata ma'aikaciyar asibiti ta tara mu a wani ɗan ɗaki, ta ce tunda mara lafiya ba ta iya magana, dole a san wanda zai riƙa yanke shawara a madadinta. Ta tambaya ko tana da miji ko mata. Wanta ya yi 'yar dariya ya ce mana da Hausa, ku ji Turawa da neman magana, matarsa ta ce a'uzubillahi. Ma'aikaciyar ta juyo ta dube ni, don ni ta gani a bakin gadon tun jiya, ta tambaye ni ni wace ce. Na ce ƙanwarta ce. Ta ce uwa ɗaya ko uba ɗaya? Na ce a'a, gari ɗaya. Sai ta rubuta sunan wanta.

Bayan kwana biyu na sami ma'aikaciyar ita kaɗai a ofis na faɗa mata gaskiya duka, karon farko da na furta wa wani. Ta riƙe hannuna, ta tambaya ko mun yi aure, ko akwai takardar da Yaya ta sa hannu cewa ni ce wakiliyarta. Na ce babu. Ta ce za ta saurare ni, za ta isar da abin da na sani in na yarda a faɗa wa dangi, amma shawara tana hannun mahaifiya da ɗan'uwa. Ban yarda a faɗa ba. Na fito na koma bakin gadon Yaya.

Yaya ta farka, amma ɓarin damanta ya mutu, magana kuma sai ƙoƙari ba kalma. Da aka sallame ta wanta ya kai ta gidansa. Can bas ba ya zuwa, ni kuma ban iya tuƙi ba, ita ce direbata, sai in yi hayar mota bayan na tashi aiki. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta koko a cokali, don ba ta karɓa a hannun kowa. Matan da ke zuwa dubiya suna ta sa mini albarka, suna cewa irin wannan amana ko 'yar'uwar ciki sai haka, Allah ya ba ni miji nagari. Ina cewa amin. Matar wanta kuwa tana tsokanata, wai in an yi wa Yaya allura ni ke yin tsaki.

Ba zan zalunci wanta ba, mutumin ya yi ɗawainiya. Amma jinya irin wannan a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ne, shi kullum yana kan hanya da babbar mota, matarsa da yara huɗu, Mama kuma tana ta cewa a kawo mata 'yarta ta yi jinyarta da kanta, a haɗa da na gargajiya. Ranar da suka gaya wa Yaya za ta tafi wurin Mama ina zaune a gefenta. Ta damƙe hannuna da hagunta har farcenta ya shiga, hawaye na zuba, tana wani irin gunji. Matar wanta ta ce Allah sarki, kukan murna take, ta yi kewar gida.

Da wanta ya zo Glenwood kwasar kayanta na yi niyyar magana. Ya shiga ɗakin da muke cewa nawa ne, ya ga gadon cike da kwalaye da akwatuna ko zanen gado babu. Ya shiga ɗayan ɗakin ya ga kayanmu mu biyu a haɗe, ya daɗe a tsaye. Duk da haka na daure na ce Yaya ba ta son komawa, ta sha gaya mini, a bar ta a nan ni zan riƙe ta ko da zan bar aiki. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni a matsayin wa nake wannan magana. Na sunkuya na ci gaba da haɗa kayanta. Sai ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya saka, daga yau a bar musu sauran. Yana saka takalmi ya ƙara da cewa ya san babana sosai, mutumin kirki ne mai hawan jini, bai kamata a tayar masa da hankali ba. Ban sake taka gidansa ba. Labarin tashin jirginsu a bakin wata mai kitso na ji.

Yau wata takwas ke nan. Na bar Glenwood, na daina zuwa taron zango, in wayata ta yi ƙara da lambar Ghana sai in daɗe ina kallonta kafin in ɗauka. Wani lokaci Mama, wadda ba ta san komai ba ko kuma ta sani ta yi shiru, takan kira ni ta bidiyo ta kara wa Yaya wayar. Ta rame. An aske mata kai, akwai layu a wuyanta. Takan dube ni ba ƙiftawa, ni kuma in ce Yaya ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, don Mama na riƙe da wayar.

Na san da yawa daga masu karatu za su ce alhaki ne ya kama mu. Ba zan yi jayayya da malamai ba, ban da ilimin, hisabina yana wurin Allah kuma ban daina sallah ba. Ban ce liman ya ɗaura irin aurenmu a masallaci ba. Abin da na gane kawai shi ne, a da ina jin masu fafutukar auren jinsi ina ɗauka biki da hoto suke nema. Ashe abin da suke nema shi ne ranar da mutum ya faɗi ba baki, a tambayi wanda ya san abin da yake tsoro. Da na shiga kotun nan ranar, da matar asibiti sunana za ta rubuta, da babu mai ɗaga Yaya daga gadonta sai na yarda. Shi ya sa nake ganin bai kamata a hana kowa wannan 'yanci ba, ko a nan ko a ko'ina. Ni doka ta ba ni, tsoron bakin mutane ya ƙwace.

Ga 'yan'uwana masu irin halina, na san kuna nan, kuna karanta wannan a ɓoye. In ba za ku iya zuwa kotu ba, ku je wurin lauya ku rubuta wanda zai tsaya muku tun kuna da lafiya, kada ku ce sai bayan Sallah. Ga iyaye da yayye kuma, in mara lafiyarku ya damƙe hannun wani yana kuka, kada ku yi saurin fassara kukan. Ku fita da wanda aka damƙe ɗin waje, ku tambaye shi a hankali, ba tare da kun ambaci babansa ba. Ni da an yi mini haka, wataƙila da na faɗa, wataƙila da yanzu tana nan ina ba ta koko.