Tsuntsun da ake kira Ɗan Ci-rani

A gidanmu na unguwar Gorton a Manchester babu murhu, sai hitar gas. Gabanta Kaka, mahaifiyar babana, take miƙe ƙafa bayan magariba. Iyayena suna wurin aiki, daga ni sai ita. Ta zo daga Kano ne wai ta taya rainona na 'yan watanni, sai ga shi ta shekara tara.

Labari ɗaya ta fi so, ko ga-ta-nan ba ta tsayawa yi. Wai a zamanin kakan kakanta wani Bajamushe masanin dabbobi ya sauka garinsu da akwatuna. Ba ya fatauci, ba ya wa'azi, sai bin tsuntsaye da rubuce-rubuce, kullum shi kaɗai. Wata rana ya ga wani ƙaramin tsuntsu a bakin fadama, irin wanda ya sani a ƙasarsu, har ya yi ƙwalla. Ya tambayi wani manomi sunansa. Manomi ya ce, "Wannan? Ai ɗan ci-rani ne." Bature ya rubuta a littafinsa, har da jan layi.

Nan Kaka za ta yi ta dariya har da tari. "Wai shi masani, kin ji." Sai in taya ta, alhali Hausata ta Manchester ba ta kai nan ba. Wallahi sunan tsuntsu na ɗauka. In ta lafa sai ta ce, "Jummai, ni ma fa 'yar ci-rani ce." Ni kuwa sarauniyar wauta sai in miƙe ina kaɗa hannuwa ina zagaya falo, ina cewa, "Fly, Kaka, fly." Ita dai sai ta kalli wutar hita.

Bayan ta rasu na tafi jami'a a Birmingham karatun dabbobi. A ɗakina na Selly Oak, ba mai shiga ba mai fita, na bi tsofaffin littattafan Jamusawa kaf ina neman tsuntsun Kaka. Ko alama. Ƙarshe na tambayi wani dattijo Bahaushe ɗan Ghana mai shago a unguwar Erdington. Ya ce, "'Yata, ai mutum ake ce wa haka. Wanda ya bar gida da rani don neman abinci. Damina na faɗuwa yake komawa."

Na fito na zauna a bus stop na sha kuka. Har yau abin yana cina. Ashe kusan kullum tana gaya mini gida take so, kuma ni kaɗai ta samu ta gaya wa. A Manchester muka binne ta.