Kiɗan Kawo Fura

Ranar wata Asabar ce da hantsi, bayan an gama roron gyaɗa, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Yayana Sani ya karɓo hayar wani faifan fim a shagon da ke kusa da tashar Rogo, ya tayar da ƙaramin janareta a bayan rumbu, aka baza tabarma a ɗakin Umma, yaran maƙwabta suka cika shi har bakin ƙofa. Ni kuwa na samu gurbina na kullum, tsakanin buhun dawa da ƙafar gado, inda ba wanda zai ce in matsa. Can tsakiyar fim ɗin aka zo wurin da saurayi zai shiga mota ya tafi, budurwar tana kuka a gindin bishiya, sai aka saki wani kiɗan fiyano mara waƙa. Yana yin bugu uku a jere, ya ɗan numfasa, ya yi biyu da sauri, sannan ya koma farko. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Na san kiɗan nan” ba.

Ɗakin ya fashe da dariya, domin ni yarinya ce da ko a aji sai malam ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Yaya Sani ya tsayar da fim ɗin ya juyo. “Kiɗan Indiya ne, ’yar ƙauye. A ina kika san shi? Ko can aka yanke miki cibiya?” Na ce ban tuna inda na ji shi ba, amma na nan ne, namu ne. Ya ce to, ranar kasuwa zai mayar da faifan. In ban faɗi sunan kiɗan kafin nan ba, na bar zama a tabarmar kallo ke nan, don shi ba ya tayar da janareta saboda maƙaryata. Kallon nan kuwa shi ne abin da nake jira duk mako, kuma ba a taɓa kirana maƙaryaciya a gaban mutane ba.

Kwanakin da suka biyo baya na zama kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Da safe ina share tsakar gida ina buga kiɗan da tsintsiya a tafin hannu. A hanyar rijiya na kasa kunne ga rediyon mai shayi, na tsaya bayan masu babur da ke kunna waƙoƙi a bakin tasha har wani ya tambaye ni ko aike aka yi min. A makaranta, lokacin tara, ƙawayena suna ’yar gala-gala da carafke a gindin darbejiya, ni ina gefe ina ƙwanƙwasa gwangwanin alli. Na saurari luguden matan gidan liman, na saurari tafin gaɗa, babu wanda ya yi daidai. Yaran unguwa kuma suka samu abin yi, duk inda na gifta sai in ji an ce, “Ga Ba’indiya nan!”

Ana gobe kasuwa, da la’asar, Umma ta aike ni ɗakin Iya, mahaifiyar Babanmu, in taya ta ɓarar gyaɗa. Iya tsohuwa ce da aka ɗauko daga wani ƙauye kusa da garin Turawa, can wajen Karaye, bayan rasuwar kakanmu, idonta ya yi rauni, ba ta kuma shiga harkar kallo, ta ce ƙaryar mutanen birni ce. Muna zaune, ƙwarya a tsakaninmu, ɓawo yana taruwa a gefen tabarma. Na daɗe da lura cewa duk sanda ta ƙarasa abin da ke cikin faifan kabarta, kafin ta ɗebo wani, sai ta ɗan ƙwanƙwasa bakin ƙwaryar da zoben azurfarta. Ran nan ne kawai na saurara da gaske. Uku a jere, ɗan shiru, biyu da sauri. Gyaɗar da ke hannuna ta zube.

Ban iya yi mata bayani ba, hannunta kawai na kama ina ja. Ta ce, “Ke ƙawata, gobara ake yi?” Na je na tsaya a gaban Yaya Sani, na ce ya kunna fim ɗin. Ya kunna don ya ƙara samun abin dariya, yara suka taru, Umma ta leƙo da muciya a hannu. Da kiɗan ya fara, Iya ta yamutsa fuska ta ce wannan ai kukan ƙarfe ne. Sai na jawo wata ƙwarya na kife, na shiga bin fiyanon da yatsuna a bayanta. Ba mu yi nisa ba na ga Iya ta miƙe tsaye tana gyara ɗaurin zani, kamar wadda aka kira.

“La’ilaha! Kawo Fura ne!” Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce a ƙauyensu, idan ana gayyar huɗa, maza suka kusa kai ƙarshen gona, mai gangar noma yakan sauya hannu ya buga wannan, mata kuma daga cikin gari su ɗauko ƙoren fura su fito. Wadda ta makara, da ita za a yi ta zolaya har kaka. Ta nuna talabijin da haɓa ta ce, “Ana kiran fura, ita kuma wannan ta tsaya kuka. Ba ta dama ba ne?” Sannan ta juya ga Yaya Sani. “Kai kuma maigidana, Indiyar taka a bayan Karaye take?” Umma ta yi dariya har ta jingina da bango. Yadda kiɗan ya isa hannun masu fim, babu wanda ya sani. Iya ta ce ƙila jikan wani makaɗi ne ya tafi birni da shi a kunnensa. Yaya Sani ya sosa ƙeya ya ce, “To, ba ƙarya kika yi ba.” A gaban kowa ya faɗa, kuma da ƙarfi, don Iya ta ce ba ta ji ba, ya sake.

Yanzu ’ya’yana idan suka ji kiɗan da ba su sani ba, waya suke karawa kusa da shi ta faɗa musu sunansa nan take. Na taɓa buga musu wannan a kan tebur, wayar ta yi ta juyi ta ce ba ta samu ba. Ba a gayya da ganga a wajenmu kuma, Iya ma ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Wanda duk ke son sunan kiɗan nan yau, sai dai ya tambaye ni.