Hon ɗin Motar Baba a Ƙofar Makaranta

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, aka ja motar Baba daga ƙofar gidanmu za a kai ta gareji a birni. Tsohuwar akori-kura ce ta ɗaukar gyaɗa. Tun lokacin girbi motar ta mutu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, mu kuma muna ɓuya a bayanta idan mun gama ɗebo ruwa da yankar wa awaki ciyawa. Baba malamin gona ne, amma duk garin shi ake kawo wa rediyo da tocila idan sun lalace. Ni kuwa a makaranta ba ni da hira sai ta hannun Babana.

Taraktar gona ce za ta ja ta. Batirin motar ya daɗe da mutuwa, Baba kuma ya ce ba zai hau titi babu fitilar birki ba. "Wanda ke bayanka ma yana da iyali," haka yake cewa. Sai ya ɗaura doguwar waya a batirin taraktar, ya bi da ita jikin igiyar ja yana ɗaurewa da tsumma, har cikin motar. Ya ciro makunnin wata tsohuwar tocila ya haɗa, ya ce yau ba zan je makaranta ba, ya zaunar da ni a gefensa. Aikina ɗaya ne: in ya taka birki, in tura makunnin. Wayoyin motar duk sun koɗe, Mamman direban tarakta kuma yana ta azalzala, huɗa na jiransa. Ba mu tsaya gwaji ba.

A gangaren ƙofar makarantarmu Baba ya fara taka birki, daidai lokacin da ake tashi hutun tara. Na tura makunni, sai hon ya ɓarke da kuka kamar na jaki. Ashe wayar hon ya kama. Baba ya daka mini tsawa, "Kashe! Kashe mana!" Makunnin ya cije. Yara suka ɓulɓulo, har hedimasta ya fito da alli a hannu. Ina kallo Babana ya sauka, ya naɗe babbar riga, ya durƙusa a taɓo yana fizgar waya, wani yaro daga baya ya ƙwala, "Sai Injiniya!" Na sunkuyar da kai har goshina ya taɓa gwiwa. Da taraktar ta kafe a laka, su masu dariyar ne suka tura mu muka haye.

Daga ranar, duk wanda ya kawo rediyo sai Baba ya ce, "Kai birni." Na so in roƙe shi ya koma gyaran, kunya ta hana ni.

Na zauna a Kwatano, na zauna a Jidda, na ga jan mota iri-iri. Yanzu ina unguwar Cheras, a wata ƙasa can gabas mai nisa, wajen ’yata Hauwa da ke karatu. Kwanan baya motarta ta mutu a hanyar unguwar Sentul, muna ciki. Ta latsa waya, babbar mota ta zo ta goya tamu a baya, direban yana ta "boleh, boleh", wato "ba matsala" a yarensu. Jikana, ɗan Hauwa, da ke tare da mu, bai ko ɗago kai ba. Na tsaya bakin titi ina duban fuskokin masu wucewa. Babu wanda ya yi mana dariya, babu kuma wanda ya san ko su wane ne mu.