Lambobin da Ragib Ya Juya

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, bayan azahar, 'yarka Belma ta kira ni a waya ta ce, "Baffa Hilmo, Baba ya cika." Na yi istirja'i, na nemi kujera na zauna. Haka labarin rasuwarka ya same ni, Ragib Mulalic, abokina tun muna samari, tsohon injiniyan lantarki, dattijon ƙungiyarmu ta masu hawan duwatsu a nan Konjic. Washegari muka sallace ka, muka kai ka makwancinka a maƙabartar da ke fuskantar dutsen Prenj. Ciwon huhun ya daɗe yana cin ka, mun san inda aka dosa, amma sanin bai rage mana komai ba.

Duk wanda ya san ka ya san hularka. Koriya ce ta ulu, ruwan sama ya dake ta har launin ya gaji, kuma ta yi nauyi da 'yan lambobin ƙarfen nan masu allura a baya, waɗanda ake samu a ƙofar gandun daji ko wurin tarihi. Akwai ta Sutjeska mai hoton itatuwa, da ta Una mai shuɗin ruwa, da ta Jajce, da ta Blagaj, har da ta dutsen Triglav wadda ka ishe mu da labarinta. Dukanmu muna tara su, amma kai ka kafa mana doka. Ka ce idan an ba mutum lambar wurin da ƙafarsa ba ta taka ba, ya karɓa ya yi godiya, amma ya maƙala ta kai ƙasa. Sai ranar da ya je ya gani da idonsa yake da izinin miƙar da ita. Da farko dariya muka yi maka, daga baya har 'yan ƙungiyar garin Jablanica, maƙwabtanmu, suka ɗauka.

Ina tuna lokacin da Ostoja, ɗan ƙungiyarmu, ya gaji akwatin lambobin kawunsa, ya zo taro ya jera su a ƙirji duk a miƙe, yana tafiya kamar janar. Ka bar shi ya zauna, ka zuba masa gahawa, sannan ka ce, "Ostoja, ruwan tafkin Plitvice da sanyi kuwa?" Shi kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Ka tashi ka jujjuya su a gaban kowa yana zaginka. Amma da bazara ta yi, kai ka ɗauke shi a tsohuwar motarka ka kai shi Plitvice ɗin, ka tsaya a kansa har ya miƙar da lambar da hannunsa. Halinka ke nan, ba ka kunyata mutum ka bar shi a wurin.

Ni kuwa, ba don kai ba da ban san yadda zan ƙare ba. Shekarar da matata Sadeta ta rasu na rufe ƙofa, na daina zuwa taro, ko masallaci sai ranar Juma'a. Mutane suka yi ta zuwa da nasiha har suka gaji. Kai ba ka yi mini nasiha ba. Ka shigo, ka cinye burodin da maƙwabta suka kawo mini, ka ɗauko hulata daga ƙusa, ka soka mata lambar dutsen Kozara kai ƙasa, ka mayar. Ka san ni sarai, ko hoton bango ya karkace ba na samun sukuni. Na yi ta kallon lambar nan ina jin haushinka, har ran da na kira ka na ce ka zo mu tafi. Ka ce, "Tsoho, ai mota ta daɗe da shan mai, kai ake jira."

Abu ɗaya ne ka kasa, shi ne fitar da matarka Munevera. Duk tsawon aurenku ita ke gasa maka burek, fulawar nan mai nama a ciki, na guzuri, ita ke ɗinke hular idan allurai sun yaga ta, amma ba ta taɓa bin ka ba. Takan ce dutse ai ana ganinsa ta taga. Daga gida sai kasuwa, ta haye tsohuwar gadar dutse ta dawo. Da Belma ta yi aure ta koma birnin Graz a ƙasar waje, kai ne ka zama duk hirarta. A zuwana na ƙarshe, kana kishingiɗe numfashi yana yi maka wuya, ka ce mini ba mutuwar ke damunka ba, Munevera ce. Ka ce za ta rufe ƙofa kamar yadda na yi, kuma babu mai ƙarfin halin shiga ya cinye mata burodi.

Ranar addu'ar bakwai, bayan baƙi sun ragu, muka shiga mu 'yan ƙungiya mu yi mata gaisuwa. Muka tarar da Belma da hularka a cinya, tana kuka tana miƙar da lambobin. Ta ce, "Baffa, ka ga abin da ciwo ya yi wa Baba? Duk ya birkita su, kusan kowace kai ƙasa. Ba zan bari a gan ta haka ba." Ta ce a kwanakinka na ƙarshe ka sa an ba ka hular, ka yi ta fama da ita, sannan ka miƙa wa mahaifiyarta ka ce tata ce. Yarinyar a birni ta yi karatu, a wata ƙasa take zaune, ba ta san dokar ba.

Na karɓi hular na duba. Ban da 'yan kaɗan da Belma ta riga ta gyara, guda ɗaya tak ka bari a miƙe, lambar tsohuwar gadar garinmu, wadda Munevera ke hayewa zuwa kasuwa. Ostoja ya leƙa ta kafaɗata, ya juya ya fita waje yana share fuska. Hankalinka garau yake, Ragib. Hular ta koma hannun wadda ba ta je ko'ina ba, sai ka bi doka.

Kafin in buɗe baki Munevera ta riga ni. Ai ita ta fi mu sanin hular. Ta ce, "Belma, mayar da su yadda ubanki ya bar su." Sai ta dube ni ta ce, "Ka ga mutumin nan, Hilmo? Yana kwance ma bai fasa tsokana ba. Wanne ne ya fi kusa a cikin wuraren nan?" Na ce tafkin Borachko. Ta ce, "To, in na fita takaba, ƙanƙara ta narke, ku zo da motar. Amma fa ba zan hau dutse ba." Ostoja daga bakin ƙofa ya ce haka shi ma ya taɓa faɗa.

Allah Ya jiƙan ka, Ragib, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ƙofofin da ka buɗe mana, Allah Ya buɗe maka waɗanda suka fi su a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Munevera, da Belma da maigidanta da 'ya'yansu, da ƙanwarka Zumreta, da dukan 'yan ƙungiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya kuma ara wa Munevera rai da lafiyar ƙafa, har ta miƙar da lamba ta ƙarshe.