Keken Ɗan'azumi Tela da Gajeriyar Hanyar Maruta

A Birnin Kudu an yi wani tela mai suna Ɗan'azumi, rumfarsa na bakin kasuwa, jingine da wata tsohuwar katanga. Siriri ne mai dogayen ƙafafu, ga ɗan gemu tsirit. Ɗinkinsa ba laifi, ba kuma abin a zo a gani ba ne. In ka kai masa yadi za ka samu rigarka, muddin ba ka damu da ranar da za ka same ta ba. Abin da aka san shi da shi keke ne, kuma ba na ɗinki ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya saye shi a hannun wani malamin gona da aka mayar Kano. Baƙin keke ne ƙirar Rali, ƙarfe zalla, mai sirdin fata da famfo manne a jiki, nauyi kamar ɗan maraƙi. A wancan zamani duk wanda ya sayi keke da dalilinsa: wani don fatauci, wani don zuwa gona mai nisa, wani don haya. Shi kuwa Ɗan'azumi don ya hau kawai ya saya. Duk ranar Asabar, da an idar da sallar asuba, sai ya ɗaure ƙafar wandonsa da ƙyalle, ya rataya gorar ruwa, ya zuba ƙuli-ƙuli a aljihu, ya kama hanya. Da farko Yalwan Damai ce iyakarsa. Da ƙafa ta saba sai ya riƙa kaiwa Gwaram, wani lokaci har Fagam, ya zauna gindin dutse ya sha iska, ya yi sallah, ya juyo.

Matarsa Turai ta yi haƙuri wata biyu, sannan ta tare shi a zaure ta ce, "Malam, wai me kake samowa a can?"

Ya ce, "Ba komai."

"To me kake kaiwa?"

"Ba komai. Turai, kwana shida ina taka keke ba ya zuwa ko'ina. Ki bar ni rana ɗaya in taka wanda yake tafiya."

Ta dube shi, ta dubi keken, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ita dai ta karɓi wannan bayani, amma mutanen hanya ba su karɓa ba. Duk ƙauyen da ya tsaya shan ruwa sai an tambaye shi, "Lafiya? Daga ina, zuwa ina?" In ya ce yawo ya fito, sai a riƙa kallon kariyar ɗaukar kaya ta kekensa ko an ɓoye wani abu. Wasu suka ce ɗan leƙen asirin masu haraji ne. Don ya huta da tambaya sai ya fara cewa dubiya za shi. Wannan ta yi masa aiki sosai, har addu'a ake bin sa da ita.

Ranar da ƙaryar ta ƙare masa, ya tsaya ne a bakin wata rijiya kusa da Gwaram, ya tarar da wasu dattawa biyu, su ma da kekunansu. Ya ce musu dubiya za shi ƙauyen gaba. Ɗayansu ya ce, "Ashe akwai marar lafiya a can ba mu ji ba? Ai sai mu raka ka mu samu ladan." Ɗan'azumi ya ce kada su wahalar da kansu, suka ce wace wahala ce a aikin lada. Haka suka jero su uku, shi a gaba, gumi na zubo masa ba na rana ba. Da suka shiga ƙauyen ya riƙa rarraba ido, can ya hango wani tsoho a ƙofar gida ya miƙe ƙafa ɗaya an naɗe ta da tsumma. Nan ya sauka, ya durƙusa, ya ce, "Kawu, yaya ƙafar?"

Tsohon bai taɓa ganinsa ba. Ya kalle shi, ya kalli 'yan rakiya, ya gane inda aka dosa. Ya ce, "Da sauƙi, ɗan nan. Sai yau ka ga dama? To ina goron da ka ce za ka kawo mini?"

Goro biyu gare shi a aljihu, duka ya miƙa. Tsohon ya ƙara da cewa ai ƙuli-ƙulin da yake jin ƙamshinsa ma nasa ne. Dattawan suka yi addu'a, suka yaba wa Ɗan'azumi da zumunci. Da yunwa ya koma gida ranar. Daga nan ya daina ƙarya, ya koma faɗin gaskiya, mutane suka yanke shawarar cewa ɗan taɓi gare shi, kowa ya huta.

Kula da keken kuwa, ko jinjiri albarka. Ba ya jingine shi a rana. In ya dawo, kafin ya sha ruwa sai ya goge shi tas, waya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga wa sarƙa man keken ɗinki, ya shafa wa sirdi man shanu kaɗan don kada fatar ta tsage. Da aka koma tuƙi ta hannun dama, ranar farko ya je Gwaram ya dawo, ya shaida wa Turai cewa sai yau ya ga bishiyoyin ɗaya gefen da kyau. Ta ce, "To da can ta wane gefe kake dawowa?" Ya ce a kawo masa abinci.

Sau ɗaya a shekara, bayan damina ta ɗauke, yakan rufe rumfa ya kwance keken gaba ɗaya. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ari babban tiren Turai, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su a kai bi da bi, ya cusa sabon giris, ya mayar. Yakan yi alfahari cewa ko ido rufe zai haɗa shi.

To, Ɗan'azumi yana da taubashi, ɗan kawunsa, Haladu, mai harkar lodin motoci a tasha. Ƙato ne mai tumbi da dariyar da ake ji daga ƙarshen layi. Tun suna yara kowannensu yake kiran ɗan'uwansa bawa, har suka yi furfura ba a raba gardamar waye ubangida ba. Wata shekara Haladu ya shigo gaisuwa ya tarar da keke a baje, mai shi ya zaga wanke hannu. Ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan noti da ya tsinta a tasha, ya goge shi, ya ajiye cikin jerin. Turai tana tankaɗe tana kallonsa. Ya ɗora yatsa a baki, ita kuma ta ci gaba da tankaɗenta.

Da la'asar Ɗan'azumi ya gama haɗa keke, ya juya ya ga noti ɗaya zaune a kan tire. Ya duba birki, ya duba feda, ya duba gindin sirdi, ko'ina a cike. Ya girgiza keken, shiru, ba abin da ke motsi. Washegari ya sake kwance shi, ya mayar, noti na nan. Rana ta uku ma haka. Masu ɗinki suna ta sallama a ƙofa, ana ce musu Malam yana wani uzuri. Abinci ma ya daina shiga masa, don a ganinsa mutumin da ya manta mazaunin noti a kekensa, tsufa ya kama shi.

A rana ta huɗu Turai ta gaji, ga shi kuma tana son tirenta. Ta ce, "Malam, ka tambayi Haladu mana, ko ya san inda ake ɗaura shi. Na ga kamar daga aljihunsa ya fito."

Ɗan'azumi ya juyo gare ta. Ya ce, "Kwana uku kina gani?"

Ta ce, "Ai ban taɓa samunka a gida kwana uku a jere ba, shi ya sa."

Bai ce wa Haladu uffan ba. Suka ci gaba da gaisawa, Haladu na ƙunshe dariya, shi kuma yana nuna kamar ba abin da ya faru. Haka aka yi shekara biyu.

Ana nan arzikin man fetur ya buɗe, babura suka cika gari, masu keke suka fara jin kunya. Haladu ya je Kano ya dawo da jan babur sabo fil. Kullum sai ya zo gaban rumfar ya yi ta murza shi, hayaƙi na shiga cikin yadudduka, yana cewa, "Bawana, har yanzu da ƙafarka kake tura jakinka?" Aka sa ranar ɗaurin auren ɗan Lami, ƙanwar Haladu da ke aure a Maruta. Haladu ya kawo farar shadda a yi masa babbar riga, kuma abin mamaki, tun kafin ranar da aka yi alkawari Ɗan'azumi ya gama ta. Da ya zo karɓa sai ya ce, "Kai da ka san kowane lungu, ba wata gajeriyar hanya? Ba na son in bi ta zagaye ƙura ta ɓata mini riga."

Ɗan'azumi ya ci gaba da zura zare a allura. Ya ce akwai, in ka sauka daga titi wajen wata babbar tsamiya, ka miƙe ta cikin gonaki, sai wani ɗan rafi, daga nan ga gari.

"Ana wucewa ta rafin?"

"Ni dai kullum ina wucewa."

Ranar ɗaurin aure Ɗan'azumi ya fita tun da asuba. Da ya iso rafin ya sauka, ya tattare wando, ya saɓa kekensa a kafaɗa kamar yadda ya saba, ya haye. Ruwan bai wuce gwiwa ba, amma ƙarƙashinsa yashi ne mai laushi da ke haɗiye ƙafa. Ya samu inuwa a ɗaya gaɓar, ya sayi ɗanyar gyaɗa wajen masu cira, ya zauna yana ɓarewa.

Rana ta take tsaka sai ga rugugin babur. Haladu ya ɓullo, riga na kaɗawa kamar tuta. Ya hango taubashinsa zaune a tsallake, ya ɗaga masa hannu, ya ƙara wuta ya faɗa ruwa. Babur ya kai tsakiya, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Tayar baya ta nutse. Haladu ya sa ƙafa don ya tokare, ƙafar ma ta nutse, shi da babur suka kwanta a hankali ta gefe guda, kamar raƙumi zai huta.

Ya miƙe, ruwa na zuba daga aljihun riga, hula na tafiya da kanta. Ya ce, "Ɗan'azumi, ba kai ka ce ana wucewa ba?"

"Cewa na yi ina wucewa. Ba ka tambaye ni yadda nake wucewa ba. Saɓa shi za ka yi a kafaɗa."

Masu cirar gyaɗa suka taho suna danne dariya, mutum biyar suka cicciɓo babur zuwa tudu. Aka buga, aka tura, ko tari ya ƙi yi. Haladu ya dubi rana ya ce za a ɗaura babu shi. Ɗan'azumi ya ce kada ya damu, bari ya yi gaba ya roƙa a ɗan jira. Ya hau ya tafi. Ya kuwa cika alkawari, har da ƙari, don ya shaida wa jama'a cewa kawun ango yana tafe da sabon babur irin wanda ba a taɓa gani ba a Maruta, ya kamata a fito a tarye shi. Mutane suka taso daga kan tabarmi suka yi cirko-cirko a bakin gari, har da maroƙi.

Can sai ga Haladu yana turo babur, yana haki, ba hula, farar shadda ta koma kalar kunun kanwa. Maroƙin ya riga ya buɗe baki, bai ga dalilin rufewa ba, ya shiga kirari: ga mai dokin ƙarfe, wanda don tausayi ba ya hawansa. Dattawa suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Aka ara wa Haladu wata riga da ta tsaya masa a cibiya, a ciki ya karɓi waliccin ango.

Bayan an watse Lami ta kira su biyun cikin gida. Ta ce, "Yaya Haladu, Yaya Ɗan'azumi, ku dubi gemunku. Jikoki gare ku fa." Suka ce ta yi haƙuri, kowanne na nuna ɗayan. Ta ajiye musu tuwo a kwano ɗaya, ta ce wanda ya fasa ci shi ne bawan. Suka cinye tas.

Da safe Ɗan'azumi ya ciro sifanarsa, ya kwance fulogin babur ya busar, ya tsiyaye ruwan da ya shiga, bugu uku ya tashi. Haladu ya koma gida ta doguwar hanya.

Ɗan'azumi ya ci gaba da fitarsa ta Asabar har gwiwa ta fara yi masa gardama, sannan ya rage zango. Haladu kuwa ya maida labarin rafin nasa, yana ba da shi a tasha duk lokacin da aka taru jiran mota. Da farko ruwan iya ƙugu ne. Bayan shekara biyu ya kai ƙirji, daga baya har kada ya shigo ciki. In aka je rumfa aka tambayi Ɗan'azumi ko gaskiya ne, sai ya ɗaga kai daga ɗinki ya ce shi dai yana kan tudu, wanda ya shiga ruwan shi ya san zurfinsa.